Kashin Dankali a Minna

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko da 'yan siyasa, wai Minna ta ci gaba. In ka tambayi hujja sai a nuna maka tagwayen hanyoyi, da Kasuwar Kure, da gidajen mai da benaye. To, ni dai ban ƙaryata ido ba. Abin da nake musu a kai shi ne a ce wai don gari ya yi ƙiba, kowa a cikinsa ya ƙoshi. Idan mutum goma suka zauna a kan malmala goma, ɗaya ya cinye tara, mai lissafi zai raba ya rubuta cewa kowa ya ci ɗaya. Irin wannan lissafi ake yi wa mutanen Barkin Sale, da na Kpakungu, da na Sauka-ka-huta.

Bari mu koma baya kaɗan. Jirgin ƙasa ne ya raya Minna, tun da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa ta a farkon ƙarnin da ya wuce. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka mai da ita babban birni, sai ta koma garin ma'aikata. Ba garin masaƙu ba ce kamar Kaduna a zamaninta, ba kuma cibiyar fatauci ba ce kamar Kano. Kuɗi daga baitulmalin tarayya suke zuwa, a biya albashi, albashin ya gangaro hannun mai gidan haya, da tela, da mai nama, da Bagwariya mai doya, da ɗan ga-ruwa. Wanda bai taɓa shiga ofis ba ma ya san ranar da aka yi albashi, don ran nan ne ake biyan sa bashi.

Saboda haka duk mai son sanin yadda rabon ya sauya, sai ya bi sawun albashi. A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda a canjin lokacin ya kai dala 200. Masinja yana iya ciyar da iyali, har ya yi adashi ya sayi keke. Sai aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka karya darajar naira. Abin mamaki, ɗan garin nan ne, Janar Ibrahim Babangida, yake riƙe da ƙasar a lokacin. Tun daga nan adadi yake hawa, daraja tana sauka: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024. Gwamna Umaru Bago ya ɗora, ya ce naira 80,000 a Jihar Neja, aka yi ta tafi. Amma a canjin ƙarshen 2024 kuɗin nan wajen dala 50 ne kacal. Wato jikan masinjan nan yana karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kakansa ya karɓa, sa'an nan a ce masa ya gode.

Kada mai karatu ya zaci kowa ne ya faɗi tare. Ina! Faɗuwar naira gobara ce mai zaɓen gida. Mai fili, da mai dala, da mai kwangila, dukiyarsu tana tashi tare da farashi. Wanda ya mallaki fuloti a kan hanyar Bidda kafin Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta koma Gidan Kwano, yana barci kuɗinsa suna haihuwa. Wanda ba shi da abin sayarwa sai guminsa, shi ne kullum ake yanka wa ƙauna. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wa ya biya? Ɗan keke Napep ya ƙara kuɗin hawa, fasinja ya koma tafiya a ƙasa, su duka biyu suka kwana da yunwa.

Ga kuma wani nauyin a kai. A 2021 ɗaruruwan manoma daga Shiroro da Munya suka tsere wa 'yan bindiga, har aka tsugunar da su a makarantar firamare ta IBB a cikin Minna. Mutumin da jiya yake cika rumbu, yau yana neman dako. Kuma ba a unguwar manya ta kan tudu zai nemi ɗaki ba. Unguwannin talakawa zai nufa, a ƙara matsuwa, ladan leburanci ya ƙara faɗuwa domin hannaye sun yi yawa.

Na san amsar da za a ba ni: arziki na Allah ne, kowa da rabonsa. Haka ne, ba mai ja. Amma Allahn da ya raba arziki shi ya wajabta zakka, shi ya haramta tauye mudu. Kuma ƙaddarar da take da kwanan wata da sa hannun hukuma, ai sunanta manufa. Jihar da take da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, har ana yi mata kirari da jihar lantarki, ba ƙaddara ce ta sa mai walda a Barkin Sale ya wuni yana gadin ƙarfe ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya ce kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya matalauta ne, amma a Jihar Neja kashi 66 ne. Wannan fa kafin a taɓa farashin mai ke nan.

Laifin bai tsaya ga masu mulki ba, ya shafe mu 'yan jami'a. Muna rubuta kundaye a kan talauci, mu ɗaure su da baƙin bango, mu jera a kanta su sha ƙura. Me zai hana ɗalibai su shiga Barkin Sale gida-gida, da Hausa da Nufanci da Gwaranci, su tambayi nawa ke shigowa a wata, nawa haya ke ci, nawa ruwa ke ci, sau nawa ake ɗora tukunya? Su yi haka a GRA da Tunga, su maimaita bayan shekara biyar, a buga sakamakon da harshen da mai ga-ruwa zai ji idan an karanta masa a rediyo.