Suna Yana Nan, Mai Gida Ya Canza

A gidan biki, daga Dinawa zuwa Achida har Goronyo, yadda matasa ke auna mai DJ ɗaya ne: a leƙa jikin lasifikarsa, in an ga JBL, shi ke nan an yarda. To mu nawa ne muka san cewa tun 2017 JBL na hannun Samsung? Kamfanin Harman ne ke da JBL da AKG, Samsung kuma ya saye shi a kan dala biliyan 8.

Wani zai ce ina ruwanmu. Wallahi akwai. Ku dubi AKG. An kafa shi a Vienna ta ƙasar Ostiriya a 1947, ya shahara da makirufon da manyan situdiyo ke ji da su. Harman ya saye shi a shekarun 1990, sai a 2017 aka rufe cibiyarsa ta Vienna. Wasu tsofaffin ma'aikatansa suka je suka kafa Austrian Audio, sunan AKG kuwa ya koma har kan 'yan kunnen wayar Galaxy. Tambarin bai canza ba, amma masu ƙirar sun watse.

Ba kullum ciniki ke ɓata kaya ba. Babban kamfani na kawo jari da hanyar kasuwa. Sai dai shi ke yanke wane samfuri za a daina, wane kayan gyara za a bar kawowa, kuma babu mai tambayar yaron da ya zuba kuɗin albasarsa a amfilifaya don haya. Ranar da ta ƙone, mai gyara a Sakkwato ya ce babu kayanta, jari ya kwanta.

Haka abin yake a waƙa. A Fabrairun 2024 Universal Music ya sanar da sayen mafi yawan hannun jarin Mavin, kamfanin Don Jazzy. Mawaƙin da ya sa hannu a takarda bai karanta ba, gobe waƙarsa na iya komawa hannun wanda bai taɓa gani ba.

Don haka kafin ka biya, je wurin mai gyara ka tambaye shi ko kayanta na samuwa, ka kuma tabbatar ba jabu ba ce. Ke kuma mai shirin shiga situdiyo, nemi lauya ya karanta miki yarjejeniyar, musamman wurin da aka rubuta wa ke da waƙar in an sayar da kamfanin.