Karatu daga nesa a arewacin Zamfara

Karatu daga nesa tsari ne da ɗalibi ke karɓar darasi ta intanet ba tare da zama a aji ba. A ƙananan hukumomin Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, matsalar tsaro ce ta ƙara masa muhimmanci, kuma ita ce ke kawo masa cikas.

Yadda yake aiki

Jami'ar Karatu daga Gida ta Najeriya, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Ɗalibi kan yi rajista, ya sauke littattafai a waya ko kwamfuta, ya yi gwaji a shafin jami'ar. Amma jarrabawa sai ya je cibiya, kamar ta Gusau.

Amfani

Tsarin yana rage zirga-zirga a hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa. Malamai, ma'aikata da matan aure kan yi karatu ba tare da barin aiki ko gida ba.

Matsaloli

Karatun ya dogara ga sabis, lantarki da kuɗin data. A watan Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu. A watan ne kuma hukumar sadarwa ta NCC ta umarci a katse layukan waya a duk jihar. Ɗaliban yankin suka rasa aji, suka rasa intanet lokaci guda.