Sharhi: Gatse kan Turawan da aka sace, shiru kan namu

Duk lokacin da aka sanar da sakin wani Bature da aka yi garkuwa da shi a yankin Sahel, kafin jirginsa ya sauka gida, shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na ƴan Nijar sun cika da gatse. A fadojin shayi na Maraɗi, Damagaram da Tawa ma zancen ke nan. Wannan ya ce ai ko dala ba a biya ba, tausayi ne ya kama masu garkuwar dare ɗaya. Wancan ya ce shi ma zai nemi fasfo na wata ƙasa, don in an sace shi a san an yi rashi.

Wannan gatsen yana da tushe. A watan Satumban 2010 aka sace mutum 7 a Arlit, 5 daga cikinsu Faransawa. Da aka sako huɗun ƙarshe a Oktoban 2013, gwamnatin François Hollande ta ce ba ta biya fansa ba, alhali kafofin labaran Faransa sun ruwaito cewa an ba da abin da ya kai yuro miliyan 20, wato kimanin miliyar 13 na sefa. A Oktoban 2020 an saki fursunoni kimanin 200 a Mali kafin a sako ɗan siyasa Soumaïla Cissé da Turawa 3. A ƙarshen wannan watan ne aka sace wani Ba'amurke a Masalata kusa da Birnin Konni, kuma ba a cika mako guda ba sojojin Amurka na musamman suka dira arewacin Najeriya suka ƙwato shi. Wanda ya ga wannan duka, in ya yi shaguɓe, ba za a ce ya yi ƙage ba.

Sai dai masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A watan Yulin 2017 ƴan Boko Haram suka afka wa ƙauyen Ngalewa a jihar Diffa, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 30, mafi yawansu mata da yara. Mutum nawa ne cikin masu gatsen yau ke iya tuna wannan? A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, ƴan bindiga sun sha shiga gari cikin dare su ɗauki magidanci ko matarsa. Dangi su sayar da shanu, su jinginar da gona, su bi gida gida neman taimako, su kai kuɗin daji da hannunsu. In mutum ya dawo, ba jirgi, ba jawabi. In bai dawo ba, sai zaman makoki.

Ko a cikin labarin Turawan ma akan manta da namu. Daren da aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak a Oktoban 2016, an kashe ƴan Nijar 2 da ke gadinsa. Shi an sako shi a Maris ɗin 2023, duniya ta yi murna. Su kuwa waɗancan biyun, iyalansu kaɗai ke riƙe da sunansu.

Saboda haka muna ganin gatsen na buƙatar saiti. Wanda aka sace, fari ne ko baƙi, ɗan wani ne, kuma shekara 6 a hannun masu bindiga ba abin ba'a ba ne. Kuɗin fansar ma ba abin dariya ba ne, domin da shi ake sayen babura da harsasan da ke dawowa kan ƙauyukanmu. Ƙasar da ta tashi jirage saboda ɗanta guda ta yi abin da ake kafa gwamnati dominsa. Yi wa Paris da Washington shaguɓe abu ne mai sauƙi, tunda ba za su ji ba. Tambayar da ke da nauyi a gida take.

Muna kira ga hukumomi, tun daga magadan gari da gwamnoni har ma'aikatar cikin gida, da su riƙa bayyana wa jama'a adadin mutanen da ke hannun masu garkuwa a kowace jiha, da waɗanda aka kuɓutar. A samar da inda iyalai za su kai ƙara ba tare da tsoron ramuwar gayya ba, a kuma tallafa wa waɗanda fansa ta talauta. Kafofin labarai su bi sawun kowane labarin sata har ƙarshensa. Masu gatse kuma, bayan an gama dariya, su yi amfani da wannan wayar su tambayi shugabanninsu: ina mutanenmu?