Ra'ayinmu: Ciwon Damuwa Ba Raunin Imani Ba Ne

Ƙasar Yauri ta ga jarrabawa. A shekarar 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara ta Ngaski, ya halaka mutane masu yawa. Makonni kaɗan bayan haka 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai 2023. An yi ta'aziyya, an watse. To, wa ya koma ya duba waɗanda suka daina barci, suka daina cin abinci, suka ƙaurace wa jama'a?

Abin da muka saba ji shi ne, wane an yi masa sammu, ko kuwa imaninsa ne ya yi rauni. Wannan hukunci ne ba da ilimi ba. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus: wanda ake sanin dalilinsa, kamar rashi, da wanda yake afka wa mutum ba dalili, tushensa a jiki. Binciken likitoci kan tagwaye ya ƙarfafa maganarsa: kusan kashi 37 cikin ɗari na haɗarin wannan ciwo gado ne. Saura kuwa daga rayuwa yake: firgici, mutuwar makusanci, bashi, kaɗaici, shaye-shaye, da yanke ƙauna, wadda ita ce mafi kusa da kai mutum ga halaka kansa. Gado ba ya wajabta ciwo, amma gidan da abin ya taɓa aukuwa ya fi bukatar sa ido.

Haramcin kisan kai ba abin jayayya ba ne. Amma Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har ganinsa ya tafi, ba a kuwa tuhumi imaninsa ba.

Don haka muna kira ga limamai daga Yelwa har Shanga: wanda ya ce ya gaji da duniya, kada a tsawata masa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari daga ɗakinsa, a yi masa addu'a, sannan a kai shi babban asibitin Yauri; in ta kama, a wuce da shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.