Kwana 33 na Fafaroma, kwana 200 na Murtala

Ranar 26 ga Agusta 1978 aka zaɓi Albino Luciani ya zama Fafaroma John Paul na Ɗaya, ranar 28 ga Satumba ya rasu. Kwana 33 ke nan. Ya ƙi a ɗora masa kambin sarauta, kuma ya yi suna da fara'a. Daga nan labarin mulkinsa ya ƙare. A 2022 Fafaroma Francis ya ɗaga shi zuwa matakin da ke dab da waliyyantaka. Wannan hukunci ne na cocin a kan halinsa, kuma babu mai ja da shi daga waje. Abin ja shi ne masu cewa da ya yi tsawon rai da ya tsarkake Bankin Vatican. Da me suka auna? Magajinsa, John Paul na Biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, ya shekara 26 a kan kujerar, shi ya sa yake da laifuffukan da ake lissafawa.

Kanawa sun san wannan ciwo, domin suna da nasu. Janar Murtala Muhammad ya yi kusan kwana 200 yana mulki kafin a kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ya mai da jihohi 19, ya tsai da shawarar komawa Abuja, kuma jarumtakarsa ba abar musu ba ce. Amma a watannin nan ne aka sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, da yawansu ba tare da an saurari ta bakinsu ba. Waɗanda suka tsira sun koyi darasi guda: kujera ba ta da tabbas, a tara tun da wuri. Ɗan bokon da ke kukan lalacewar aikin gwamnati a yau, ya kuma rantse da Murtala, ya kamata ya haɗa zantukan nan biyu ya ga ko za su zauna wuri ɗaya.

A ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, ba a yi wa gero shaida sai an kai shi rumbu. Audu Bako ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, kuma yana cikin gwamnoni goma da binciken gwamnatin Murtala ya kama da laifi. Shekara takwas ta ishi mutum ya ɓata suna. Ta kuma isa a kammala madatsar Tiga a 1974, a faro shirin da ya kai ruwa Tomas da Watari. Hoton Murtala yana kan naira ashirin. Sunan Audu Bako yana kan kwalejin aikin gona ta Ɗambatta, kusa da ruwan da manoman rani ke ba tumatir da albasa har gobe.