Wanda Ya Kasa Riƙon Tiransifoma, Ina Shi Ina Nukiliya?

Wani raini ya yaɗu a bakin waɗansu manyan 'yan boko, wai duk mai riƙe da tsohuwar mota, Fijo 404 ko 504 ko Marsandin zamanin da, baƙauye ne mai ɓata iska, gara ya kai ta bola ya jira motar lantarki. Su ne kuma dai ke cika ɗakunan taro da cewa maganin duhun Nijeriya tashar nukiliya ce. Ya kamata a ɗebi waɗannan mutane a kai su unguwar Daɗin Kowa, kan hanyar Jos zuwa Bukuru, su zauna yini guda a garejin kanikawa, ko Allah ya sa su koyi abin da takardunsu ba su koya musu ba.

Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma bai daina yin 504 ba sai 2006. Motar da ta fito daga can a zamanin Shagari ta haura shekara arba'in, amma idan ta sami mai kula, har gobe tana hawan tudun Filato da lodi. Sirrin ba boyayye ba ne: a juye baƙin mai a kan lokaci, a wanke kafireta, a duba lagireto da birki, a kira bakanike tun ƙarar tana ƙarama. Gaskiya ne tana shan fetur tana hayaƙi, kuma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, riƙonta ya zama nauyi. Duk da haka mai ita ya mallaki ɗabi'ar da hukumomin lantarki suka rasa, watau kiyaye abin da ke hannu.

Shaida ta biyu tana nan kusa. Saboda haƙar kuza aka fara tatsar lantarki daga ruwan Filato, a Kwall a 1923, sa'an nan aka kafa kamfanin NESCO a 1929 da tasharsa ta Kurra. Hedkwatarsa tana Bukuru, maƙwabciyar Daɗin Kowa. An yi ECN ta shuɗe, an yi NEPA a 1972 ta shuɗe, an yi PHCN ita ma ta bi su, kuza ta faɗi warwas, amma wannan ƙaramin kamfani yana nan yana juya injinansa da ruwan da Allah ke saukarwa kowace damina. Abin da yau ake kira makamashi mai sabunta kansa, ake ta taro a kansa a Turai, mutanen Filato sun kusa shekara ɗari suna kunna fitila da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, a dubi tarihin nukiliya a ƙasar nan. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da doka a 1976, ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. Abin da ake da shi ɗan injin bincike ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda Sin ta kafa, ya fara aiki a 2004, ƙarfinsa kilowat 30. Yana da amfani ga masana, amma ba don ba gari wuta aka yi shi ba. A 2017 aka sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha, aka ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Har yau babu tashar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Masu goyon bayanta suna da hujja, kuma ba a raina ta ba. Nukiliya ba ta hayaƙi, ba ta jiran rana ko damina, Faransa ma da ita take samun wajen kashi biyu cikin uku na wutarta. Sai dai a yi lissafi. Tashar da Rasha ke gina wa Masar a Daba'a tun 2022 mai megawat 4,800 ce, kuɗinta wajen dala biliyan 30, biliyan 25 daga ciki rance ne. Kowane inji guda nata megawat 1,200 ne. Wutar da layin tarayya ke rabawa a Nijeriya kuwa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Ƙa'idar masana ita ce kada inji guda ya wuce kashi goma cikin ɗari na dukan layi, domin in ya tsaya farat ɗaya kada ya ja ƙasa duka cikin duhu. Namu zai zama kusan rubu'i. Wannan kamar a ɗora injin tirela ne a kan a-kori-kura.

Layin nan ne fa ya yi ta durƙushewa a 2024. A watan Oktoba na shekarar, bayan ɓarayi sun lalata turakun Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya katse, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. 'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabon Badun, da Fatakwal, ba sa bukatar a ba su labari, gama daga aljihunsu kuɗin man janareton gida ya fito, su ne aka yi ta bugo wa waya cewa injin niƙa ya tsaya, ɗinki ya tsaya.

Sa'an nan ga maganar shara. Kamfanonin kuza sun tafi sun bar Filato da ramuka da kududdufai barjat, kuma a cikin tarin ƙasar da suka zubar akwai ma'adinai masu fitar da turiri mai cutarwa. Shekaru sun shuɗe ba a gama share su ba. Gwamnatin da ta kasa binne tarkacen kuza, da wane ido za ta ce a ba ta amanar tokar nukiliya, wadda ake tsaronta dubban shekaru?

Masu kirarin ruwa da hasken rana su ma kada su yi dariya. A 2016 an sa hannu da kamfanoni 14 don tashoshin hasken rana na sama da megawat 1,000, aka bar su a takarda. Mambila mai megawat 3,050 ta zama tatsuniya. Akwai ma wata Daɗin Kowa a Jihar Gombe, inda aka gina madatsa a shekarun 1980, amma injinanta na megawat 40 ba su ba da wuta ba sai bayan fiye da shekara talatin. Ashe cutar ba ta zaɓar irin makamashi. Rashin riƙo ne da rashin cika aiki.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Saboda haka aikin a fili yake: a gyara layuka da tiransifomomi, a tsare turaku, a ƙarfafa ƙananan tashoshin ruwa irin na Kurra, a shimfiɗa farantan hasken rana a kasuwanni da asibitoci, a horar da masu gyara a kuma biya su. Duk ɗan siyasar da ya zo zangon Hausawa a Kudu neman ƙuri'a da zancen nukiliya, a tambaye shi tiransifoma nawa ya gyara a mazaɓarsa. Idan layin tarayya ya yi shekara goma bai faɗi ba, a dawo a yi maganar nukiliya. Kafin nan, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.