Goge Ka Sake Ɗorawa: Maganin da Ya Fi Cutar Ɓarna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu gyaran waya a Gwarzo ko a bakin titin Kabo ya san hukuncin da ake yanke wa WhatsApp idan ta fara gardama. Mutum ya taɓa ta, ta buɗe, kafin ƙiftawar ido ta rufe. Bai gama bayani ba an ba shi amsa: "Goge ta ka sake ɗorawa." In mai gyaran yana da zafin hannu, sai ya ce a yi wa wayar filashin gaba ɗaya. Wannan shawara ɓarna ce, kuma bai kamata a ci gaba da karɓar ta har da godiya ba.

Kamfanin WhatsApp ba ya ajiye wa kowa saƙonninsa. Da zarar saƙo ya isa, an share shi daga na'urorin kamfanin. Wanda bai isa ba ma, kwana 30 kawai ake riƙe shi. Abin da ke cikin wayarka shi ne asalin, sau da yawa kuma ba shi da na biyu. To me ke ciki? Bashin buhunan masara da aka ƙulla da saƙon murya tsakanin dillali a Getso da ɗan kasuwa a Dawanau. Hoton rasit ɗin da shi kaɗai ne shaidar an tura kuɗi. Rahoton da ma'aikaciyar lafiya a Garo za ta miƙa ƙarshen wata. Muryar mahaifiyar da ta riga mu gidan gaskiya. Manhajar da ta ƙi buɗewa ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba; suna nan a kulle. Gogewar ce ke iya tafiya da su. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin takaicin, cutar galibi ƙarama ce. Wayar Itel ko Tecno mai gigabait 32, mai ita yana cikin zaure ashirin, kowane zaure na zubo wa'azi da bidiyon biki dare da rana, wayar tana saukewa da kanta. Ma'ajiya ta cika maƙil, manhaja ta rasa inda za ta rubuta ko da layi ɗaya, sai ta faɗi. Wani kuma tsohon kwafi ne da aka tura masa ta Xender don tsimin data. Wani GB WhatsApp ce, jabun da kamfanin ke toshe masu amfani da ita. Wani wayar ce ta tsufa: tun 24 ga Oktoba, 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan Android ɗin da bai kai 5.0 ba, kuma ko sau goma aka sake ɗorawa ba za ta tashi ba.

Wani lokaci ma laifin ba na mai wayar ba ne. A 22 ga Maris, 2021 wani sabuntawa na Android System WebView ya sa manhajoji da dama, har da Gmail, suna rufewa da an buɗe su, a ko'ina cikin duniya. Google ya fitar da gyara cikin sa'o'i. Wanda ya yi filashin a ranar, asarar banza ya yi.

Matakan da suka dace ba sa buƙatar digiri. A kashe wayar a kunna. A kwashe bidiyoyi zuwa katin memori. A sabunta manhajar daga Play Store. In ta ƙi, a shiga saitinta, inda maɓallai biyu ke zaune kafaɗa da kafaɗa: "Clear cache" shara kawai yake kwashewa, "Clear data" kuwa gidan yake rushewa. Kafin a kusanci na biyun, a kwafe jakar da ake kira Databases zuwa wani wuri, domin a nan wayar ke ajiye kwafin hirarraki.

Akwai kuma tarkon layi, wanda ba a cika ambata ba. WhatsApp tana ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko da layin ya ɓace ko an rufe shi, muddin akwai data. Bayan wa'adin 14 ga Satumba, 2024 da hukumar NCC ta sa na haɗa layi da NIN, akwai masu hira da lambar da ba ta karɓar saƙo kuma. Ranar da aka goge manhajar, za ta nemi lambobi shida da ake turowa ta wannan layin. Babu layi, babu shiga, kuma abokan ciniki wannan lambar suka sani.

Za a ce mai gyara ba mugu ba ne, kuma haka ne. Mutum biyar na jiransa, ana biyansa ne in waya ta tashi, ba don ya ceci saƙo ba, kuma abin da ya gani a wurin maigidansa a Farm Centre shi yake yi. Amma uzurinsa ba namu ba ne. Mu da muka yi boko mu ne muka mayar da WhatsApp ofis: shugaban sashe ya tura takardar aiki ta zaure, babu kwafi a fayil; shugaban makaranta ya tara sakamakon ɗalibai a hotuna. Sannan a tambaye mu kalmar sirrin Gmail ɗin da ke riƙe da ajiyar Google Drive, mu ce yaron shago ne ya buɗe mana ranar da muka sayi wayar. Tun 2024 ma wannan ajiyar tana cin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, in ya cika ta tsaya, da yawa kuma ba su lura ba.

Tambaya biyu ce ya kamata ta riga yatsan mai gyara: yaushe aka yi ajiya ta ƙarshe, kuma layin yana hannunka? In bai yi su ba, ka karɓi wayarka ka matsa rumfa ta gaba.